Hannun da Na Ƙi Gani

Zuwa ga autata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Kumbotso lafiya, kin huce gajiyar mota, kin tarar da yayanki da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Allah ya sa aikin da za ki fara ya zame miki alheri, ke da 'ya'yan mutanen da za a damƙa miki.

Na san sai kin yi dariya in kika tsinci takarda a cikin ƙullin shinkafar da na cusa miki a jaka, ki ce ga Inna da waya a hannu amma ta zauna rubutu kamar zamanin da. Yi dariyarki. Ni da ke in muka zauna magana ba ma kai ta ƙarshe. Ki katse ni, in hau ki da faɗa, babanki ya ɗauki buta ya fice, a tashi ba a ce komai ba. Takarda kuwa ba kya iya katse ta, sai dai ki ninke, kuma na san son jin ƙwaƙwaf ɗinki ba zai bar ki ki ninke ba.

Aiki biyu ne ke jiran ki a can. Na farko shi ne wanda aka kira ki dominsa, lesin ɗin lissafi ga yaran unguwa bayan sun taso daga makaranta. Na biyu ba wanda ya ɗauke ki shi sai ni, shi ne Ummi, 'yar yayanki, takwarata. Kin san tun tana ƙarama ba ta da zance sai aikin jinya, har kajin gidan nan ta sha ɗaure musu ƙafa da tsumma. Kafin damina ta faɗi za su yi jarrabawar da za a raba su, wasu ajin kimiyya wasu wani ajin, kuma ba a shiga na kimiyya sai da lissafi. Yarinyar nan yanzu in aka ba su aikin lissafi ko biro ba ta ɗauka, farar takarda take mayarwa. Ubanta kuma ya ce a daina wahalar da ita, ba ta da kan abin. In aka bar ta haka har jarrabawar ta zo, shi ke nan, jinyar ta tafi, kuma za ta girma tana ganin Allah ne ya yi ta ba kai. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki biro.

Ba zan koya miki lissafi ba, kin fi ni saninsa, irin naku na haruffa da ake neman abin da ya ɓace ni ban yi nisa a cikinsa ba. Abin da nake da shi wanda ba ki da shi ɓarna ce. Na yi ƙuruciyata da girmana ina koyar da lissafi a firamaren ƙauyen nan, da yamma kuma ina lesin a gindin mangwaron ƙofar gida, har a kasuwar Bunkure in na ratsa sai ki ji ana Malama Hajara, Malama Hajara. Mutane suna tuna waɗanda na fitar. Ni kuwa waɗanda na danne su nake tunawa, kuma labarinsu zan ba ki don kada ki bi sawuna.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Kin san ni, ko tuwo nake tuƙawa kamar ana kora ta. Sai in rubuta tambaya a allo, allin bai bar hannuna ba na juyo na ce, "Wa ya gama?" Akwai 'yan bencin gaba masu saurin baki, su ne kullum ke miƙewa, ni kuma in ji daɗi in wuce gaba, a zatona ajin ya gane. A bakin taga akwai wata yarinya Lantana, doguwa mai sanyin jiki, da take ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur tana motsa leɓe. Na sha buga mata tebur ina cewa, "Lantana, sai mun yi furfura za ki gama?" Yara su kwashe da dariya. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, duk wanda Lantana ta gama daidai yake fitowa, gamawar ce kawai ba ta yi da wuri. Da na matsa mata, sai ta gano dabarar da za ta huta da bakina, ta fara leƙa na 'yan bencin gaba tana kwafa. Ta koma gamawa tare da kowa, ni har ina cewa yauwa ko ke fa. Tun daga nan ta daina tunani da kanta, kuma a ƙarshen shekara ta faɗi warwas.

Saboda haka in kin yi wa yaro tambaya, ki kama bakinki. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ƙaiƙayi a harshe, amma ki daure, ki yi ta salati a zuci har ya gama. Kada ki fizge masa biro ki ce kawo in nuna maka, domin duk wanda kika ƙarasa masa naki ne, ba nasa ba. Mai ƙirga da yatsu ki bar shi da yatsunsa, mai son tsakuwa ki ɗebo masa tsakuwa. Sauri yana zuwa da kansa in hannu ya saba. Kuma ki kula da kanki, don na ga gaggawar nan tawa a jikinki tun kina rarrafe.

Na biyu, ranar ruwa. Ke 'yar nan ce, kin san yadda rani yake in aka sako ruwan noman rani a layin kanal ɗinmu. Gida kaf ake kwashewa a tafi gona, maza su jera tiyon ban ruwa su bi fangalin shuka suna buɗewa suna toshewa, 'yan mata su kai abinci. Ranar sai in shiga aji in tarar da benci wayam, rabin yaran ba su zo ba. Raina ya ɓaci, in ce iyayen nan ba su san darajar karatu ba. To don in huce, sai na ɗauki wata muguwar ɗabi'a: ranar ruwa nake fara sabon darasi da gangan, wai don su ji a jikinsu gobe su zo. Rabawa mai tsawo ranar ruwa na fara ta. Ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku ranar ruwa na fara su. Washegari yaro ya dawo da taɓo a ƙafa ya tarar an yi nisa, ya zauna yana kallon allo kamar an rubuta da wani yare, ni kuma in ce masa daƙiƙi.

Wani uba ne, Malam Ado mai albasa, ya tare ni a hanya bayan na kori ɗansa daga lesin. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malama, in na bar miki yaron nan ranar ruwa albasar ta ƙone, me zai ci ya zo miki sauran ranakun?" Sai na ce masa ai kowa da aikinsa, na wuce ina ƙunƙuni. Amma maganar ta bi ni har gida. Ba iyayen na hora ba, ba su ma san ina yi ba. Yaran na yi wa rami a ƙarƙashin ƙafa, kuma lissafi abu ne da ake ɗora wani kan wani, in na ƙasa babu duk abin da aka ɗora sai ya rufta. Daga baya na mai da ranar ruwa ranar bita, sabon abu sai kowa ya hallara.

Ki riƙe wannan. Duk yaron da ya ce miki ba ya gane lissafi, akwai ranar da aka fara wani abu ba ya nan, ko da jikinsa ko da hankalinsa. A Kumbotso ba ranar ruwa, amma akwai zazzaɓi, akwai talla, akwai ranar da aka canja malami, akwai ranar da aka yi faɗa a gida ya fito bai karya ba. Aikinki ki yi ta komawa baya da shi a hankali har ki taka inda ƙasa take da ƙarfi, wato abin da ya iya da gaske, ko da tarawa ce ta 'yan aji ɗaya. Daga nan za ku taso. Kuma in kin sami ramin, kada ki kuskura ki ce, "Au, wannan ma ba ka sani ba?" Wannan kalmar na faɗe ta ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin ta koya wa kowa komai ba.

Na uku, jan biro. A lokacinmu in amsa ba ta yi daidai ba, sai in ja wani ƙaton kuros, alamar kuskure, tun daga saman shafi har ƙasa, har takardar na yagewa. Yaro ya yi layi-layi daidai, ya zame a na ƙarshe, amma kuros ɗin bai san wannan ba, duka yake cinyewa. In na gama kuma in tsaya gaban aji ina kiran maki da ƙarfi, wanda ya zo ƙarshe a yi masa ihu har ƙofar gidansu. Muna ganin haka ake zaburar da yaro. Wasu kam sun zabura, ba zan yi ƙarya ba. Amma mafi yawa abin da suka koya shi ne, wanda bai rubuta komai ba ba a ja masa kuros. Farar takardar da Ummi take mayarwa na san ta sarai, na sha karɓar irinta.

Da na gane wannan kuma sai na zarce ɗaya gefen, don ni ban iya tsayawa tsakiya ba. Na koma kowa ya kawo aiki sai in ce da kyau, da kyau, kamar mai raba alewa. Wata 'yar ƙaramar yarinya mai bakin tsiya, Hinde, ita ta warkar da ni. Na ce mata da kyau, ta kalle ni ta ce, "Malama, ai ke ko shirme na rubuta da kyau za ki ce." Wallahi na ji kunya. Yara sun fi mu gane yabon ƙarya, kuma in suka gane shi, ranar da kika yi na gaskiya ma ba za su karɓa ba. Abin da ya yi mini aiki daga ƙarshe shi ne bin aikin layi-layi da yatsa. In ce nan ka yi daidai, nan ma daidai, ga inda ƙafarka ta zame, duba ka gani ko za ka gano da kanka. Yaron da ya gano kuskurensa da idonsa, ki dubi fuskarsa a lokacin, za ki ga abin da ya sa na daɗe a aikin nan.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso shi. Yayanki.

Kin taso kin ga ba na kiran sunansa. Ɗan fari ne, kuma mu haka muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Kakarku Iya, Allah ya jiƙanta, ko kallonsa na daɗe ina yi sai ta yi gyaran murya. Ban ga laifin wannan ba, har gobe kunya ado ce a wurina. Amma an yi ta ne don tsakar gida, ni kuwa na naɗe ta a zani na kai ta aji. Ni kaɗai ce mai koyar da lissafi a makarantar, dole ya zauna a gabana. In ana kiran suna, na zo kansa sai in ce "na gaba," yara su yi ta murmushi. In ya yi daidai in yi shiru, kada a ce Malama ba ta da kunya tana fifita ɗanta. In ya yi kuskure kuwa bakina a buɗe yake, don faɗa ba ya cikin abin da kunya ta hana. Sauran 'ya'yan fari in uwa ta yi musu shiru a gida, malami zai yaba musu a makaranta. Shi uwar da malamar duk mutum ɗaya ce.

Akwai ranar da ba ta barin raina. Na rubuta ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu a allo, na ce wanne ya fi girma. Ajin kaf suka ɗauka da ƙarfi, "Ɗaya bisa huɗu!" don sun ga huɗu ta fi uku. Na ce a sake tunani. Sai ga hannu ɗaya ya tashi daga tsakiya, siriri, da guntun alli a yatsa. Nasa ne. Na gan shi sarai. Na kawar da kai na kira wani, ya faɗi ba daidai ba. Na kira wata, ita ma haka. Hannun nan yana sama har ya fara rawa, ya tallafe shi da ɗayan. Da ya ga ba zan kira shi ba, sai ya kasa haƙuri ya ce, "Ɗaya bisa uku ne, Malama. In mutum uku suka raba rake, kowa zai fi samu a kan in su huɗu ne."

Sa'adatu, ban taɓa jin yaro ya ba da amsa mai kyan wannan ba, ko ni ban shirya bayanin da ya kai shi ba. Ƙirjina ya cika har na ji ƙwalla. Amma ga yara sun zuba mini ido suna jiran su ga abin da zan yi da ɗana, ga wata malama tsaye a bakin ƙofa ta zo aron alli. Sai na ɗaure fuska na ce, "Wa ya tambaye ka?" Na juya na rubuta amsar a allo kamar ni na kawo ta. Da na waiwayo hannun ya sauka, kuma har ya bar makarantar ban sake ganin ya ɗaga shi ba.

Na ɗauka ya sani. Wannan shi ne wautata. Na ɗauka yaro yana ganin abin da ke cikin uwarsa ko ba ta faɗa ba. A hankali ya koma bencin baya, makinsa ya yi ta sauka, ni kuma na ƙara masa faɗa. Da ya gama sakandare da ƙyar ya ce shi karatu ya ishe shi, babanku ya kai shi koyon gyaran injin ban ruwa. Alhamdu lillahi sana'ar ta karɓe shi, yana riƙe da gidansa, ban raina ba. Na ci gaba da gaya wa kaina cewa dama can ra'ayinsa ke nan.

Sai da sallar da ta wuce, da suka zo da yara. Ina ɗaki ina ninke kaya, shi da Ummi suna zaune a inuwar rumfa, ta kawo masa aikin hutu tana roƙon ya duba mata. Na ji ya ce, "Ke rabu da ni da lissafin nan. Ni kika gado, mu ba mu da kansa." Ta ce, "Abba, ai Inna malamar lissafi ce." Ya yi 'yar dariya ya ce, "To shi ya sa na tabbata. Uwata ce ta koyar da ni. Da ina da kan abin, ai da ta faɗa ko sau ɗaya." Ba da ɗaci ya faɗa ba, cikin natsuwa ya faɗa, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Na zauna a bakin gado da zani a hannu na kasa ninkewa. Ashe shirun da na yi shi ya ɗauka a matsayin hukunci, ya riƙe shi har ya yi gemu, yanzu kuma ga shi yana miƙa wa 'yarsa.

Ban gaya miki abin da ya biyo baya ba, don na san ki da baki. Kwanakin baya da injin babanku ya ƙi tashi, tumatir yana neman ruwa, yayanki ya zo daga Kumbotso gyara. Da hantsi na zuba abinci na ce ni zan kai gona da kaina. Kin tuna har kika ce, "Inna, yau kuma?" na ce ki yi harkar gabanki. Na same shi tsugune a bakin kanal ya baje ƙarafa a kan buhu, hannu duk baƙin mai, babanku yana can ƙarshen gona. Na ajiye kwano na tsaya. Sannan na kira sunansa, sunansa na yanka.

Ya waiwaya bayansa yana neman wanda ya kira shi. Da ya ga ba kowa sai ni, ya miƙe tsaye ya ce, "Inna, lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

Na ce, "Lafiya lau. Ka tuna ranar ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu?"

Na ɗauka zai ce ya manta, abin yara ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranar rake."

Na ce, "Ka yi daidai. Kai kaɗai ka yi daidai a ajin nan, kuma har na bar aiki ban sami yaron da ya ba ni amsar da ta fi taka ba. Misalinka na rake da shi na koyar da duk waɗanda suka biyo bayanka, har ƙanwarka. Kunya ce ta hana ni faɗa, ba rashin kai ne da kai ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Inna, haba Inna," ya koma ya tsugunna ya ɗauki sifana yana ɗaure wani noti da na ga ya riga ya ɗaure. Ya daɗe a kan notin nan. Ni ma na juya ina kallon tumatir kamar ban taɓa ganin tumatir ba. Da ya ja igiya injin ya tashi, ruwa ya fara bin fangali, sai ya matso don ƙarar ta yi yawa ya ce, "Inna, yarinyar nan, kina ganin za ta iya?" Na ce ban sani ba tukuna, ba wanda ya sani, don ba wanda ya zauna da ita ya gani. Ya ce, "To in Auta ta zo ta gwada ta. Ba zan sake cewa komai ba sai an yi jarrabawar."

Kin ga inda aka tsaya. Ni na buɗe ƙofar, amma shigar taki ce, kuma lokacin ba shi da yawa. Kada ki tare ta da littafi ranar da kika sauka. Ki bari ku saba, ku yi wanke-wanke tare, ta ba ki labarin aikin jinyar da take buri. In kun zauna, ki fara da abin da kika tabbata za ta iya, ki bar ta ta ci, ta sake ci, har ta manta tana tsoro. Sannan ki nemo ranar ruwanta, inda aka wuce ta ba ta nan. Ina zargin wajen rabawa ne, don shekarar da ta yi doguwar rashin lafiya rabawa ake koya musu, amma kada ki ɗauki zargina, ki bincika da kanki. In ta ce "ba zan iya ba," kada ki yi mata musu, kada kuma ki yi mata wa'azi. Ki ce to mu yi layin farko kawai. In kin yi kuskure a gabanta kada ki ɓoye, ki ce kin ga na zame, taya ni nemo wurin. Yaro yana bukatar ya ga cewa mai iyawa ma yana zamewa ya tashi.

Za a yi ranar da za ta koma baya, abin da ta iya jiya ta kalle shi yau kamar baƙo. Ranki zai ɓaci, jinina ne a jikinki. Ranar ki tashi ki sha ruwa ki zagaya, kada ki bari fuskarki ta faɗi abin da bakinki ya riƙe, domin yara fuska suke karantawa kafin allo. Haka za ki yi da sauran yaran lesin ɗin ma. Ki san sunan kowa tun makon farko, ki riƙa kiran su da shi. Ki riƙa duba bencin baya da bakin taga. Iyayensu in sun tambaye ki, ki fara gaya musu abin da yaro ya iya kafin abin da ya rage, kuma ki yi a gaban yaron.

Kada kuma ki ce don Ummi 'yar gida ce za ki yi mata shiru gudun kada a ce kina son kai. Nan ne daidai inda na faɗi. Ranar da ta yi daidai da kanta, ba ki taya ta ba, ki faɗa mata da baki, a fili, ki nuna mata layin da yatsa. In da hali ki daidaici lokacin da ubanta yake tsakar gida yana alwala, ki ɗaga murya yadda zai ji. Su biyun duka suna bukatar jin kalmar.

Ba na miki alkawarin za ta ci jarrabawar, wannan na Allah ne. Amma ina da kyakkyawan zato, don na ga yadda take raba wa ƙannenta nama da sallah, ba wanda ya isa ya ce an cuce shi. Abin da nake roƙo shi ne ta shiga ɗakin jarrabawar da biro a hannu tana rubutu, ta fito ta san ta gwada. In ta kai nan, kin biya ni.

Ki kula da sallarki a kan lokaci. Ki girmama matar yayanki, gidanta kika je, ki taya ta aiki ba sai ta ce ba. Ki rage baki kaɗan, na san ba za ki iya rage shi duka ba. Shinkafar ta gidan ce gaba ɗaya, kada ki ɓoye ta a ɗaki. Babanki yana gaishe ki, ya ce in gaya miki gidan ya yi shiru, ni kuwa na ce masa kunnena ne ya huta, amma ƙarya nake yi.

Allah ya tsare mini ku gaba da baya. Allah ya ba ki haƙurin da ban samu da wuri ba, ya buɗe wa takwarata ƙirji, ya sa ki ga kowane hannu da aka ɗaga a gabanki. Allah ya sada mu da alheri. Ki gaishe da Ummi da ƙannenta da mahaifiyarsu. Shi kuma ki ce ina gaishe shi, ki nuna masa ƙasan takardar nan ya gani da idonsa, don biro ya fi bakina ƙarfin hali.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara, uwar Bashir.